Geron Hansatu Mai Kuka

Cikin dare Malam Tanimu ya ji wani siririn kuka daga bayan ɗaki, kamar na jinjirin da ya gaji da kiran uwarsa. Da gari ya waye, ya tarar da 'yarsa Hansatu tsugune gaban geron da ta kawo daga jami'a cikin tukwane, idanunta jajur.

"Wannan ne ya hana mu barci?"

"Shi ne, Baba. Mu muka koya masa kuka in ya ji ƙishirwa, don manomi ya daina ɓarnar ruwa. In ya mutu kafin ya fid da kai, digirina na biyu ya tafi, sai in sake daga farko."

Malam Tanimu ya dubi jarkar gidan. Tun da aka fara raba ruwa da awo, ita ke nan musu sai gobe. Ya dubi yarinyar, wadda karatun sarrafa halittu ya ramar da ita kamar mai jinya. Ya ɗauki butarsa, ya juye ruwan alwalarsa a gindin geron, ya ce shi zai yi taimama. Kukan ya lafa a hankali, har da 'yar ajiyar zuciya.

Maƙwabciyarsu Iya Marka, wadda ita ma ba ta runtsa ba, ta leƙo ta kan katanga.

"Sannunku da raino, Malam. To ni fa, ranar da ya nuna, a cikinku wa zai iya sa masa wuƙa?"