Malamin Turanci da Albasar Aliero

Wata la'asar a Jega, Baba ya ja ni makaranta don ya shaida wa malaminmu na Turanci cewa na daina boko. Malam baƙo ne daga bakin teku, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Muka tarar da shi yana shinshina wata ƙatuwar albasar Aliero.

Baba ya ce, "Tambaye shi, mi yag gani ga albasa?"

Na harhaɗa ɗan Turancina na tambaya, sannan na fassara: "Wai haka hannun innarsa yake ƙanshi. Shekara uku rabonsa da ita."

Baba ya yi jim. "Ashe shi ma ɗan wani na. Ce mai shi taho gida shi ci tuwo."

Har yau ina mamakin yadda Baba ya mance abin da ya kawo mu.