Reshen da Wanzami Ya Yanke

Ranar Asabar ce, farkon damina, an wayi gari da lumshi da iska mai sanyi. A ranar ake sunan jikan wani mai lambu a Jos, kuma a ranar aka kashe wa mai lambun ice. Zauna ka ji, kai da ba ka iya ganin abu a karkace ka wuce shi.

Icen nan ba na ƙasarmu ba ne. Wani baƙo da mai lambu ya yi wa aiki ne ya bar masa shi yana ɗan tsiro. Ganyensa kamar tafin hannu yake, mai yatsu, in sanyi ya shigo sai ya rine ya koma ja. An ce a ƙasar baƙon yana wuce soro tsawo. Shi kuwa mai lambu a cikin kasko ya raine shi, tun yana saurayi har ya yi furfura, bai bar shi ya wuce gwiwar mutum ba. Ba da yunwa ya hana shi girma ba, da kula ne. Yakan ɗaga shi daga kaskon bayan 'yan shekaru, ya rage saiwar, ya sake masa ƙasa mai tsakuwa. Sabon toho da farce yake tsinke shi. In yana son reshe ya kwanta, sai ya naɗa masa waya tun yana ɗanye, ya tanƙwara kaɗan, ya tafi harkarsa, ya warware wayar kafin ta ci ɓawon. Da rana ta take ya janye shi inuwa. Har icen ya zama tsoho cikakke, mai gindi da tamoji, sai ka ce kuka ce ka hango daga nesa.

Ana nan sai ruɓa ta kama gindin. Mai lambu ya kankare ta da wuƙa, ya zubar da saiwar da ta mutu, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Tsofaffin rassan suka yi laƙwas. Sai ga wani sabon reshe ya ɓullo a bakin ciwon, ya miƙe sama kamar tsumagiya, da manyan ganye marasa fasali. Ya ɓata kyan icen ƙwarai. Mai lambu ya bar shi, domin shi ne ke ciyar da 'yar saiwar da ta saura, kuma a kewayensa ɓawo ke ta haɗuwa yana rufe ciwon. Yana da niyyar yanke shi, amma sai icen ya tsaya da ƙafarsa.

To, mutumin nan yana da ƙane wanzami. Shi ya yi wa jariri askin suna da safen nan. Ya gama, askar na hannunsa, ya fito tsakar gida, idonsa ya faɗa kan kaskon. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana daidaita kawunan jama'a, gashi ɗaya in ya yi tsaye sai ya hana shi sukuni. Ga mata za su cika gida da yamma, ga masu ɗaukar hoto, ga wannan abu ya miƙe a kan icen yayansa. Ya tambaya? Bai tambaya ba. Yayan nasa na nan ƙofar gida yana raba goro, ko murya ya ɗaga zai ji shi. Ya tsuguna ya fille reshen daga tushe. Da ya ga wuri ya yi fili, sai ya ɗauko almakashi ya bi sauran ganyen, ya zagaye icen tsaf kamar kan ango. Har shara ya yi, ya kwashe ya kai bola. Sa'an nan ya je ya jawo yayan nasa da fara'a.

"Yaya, zo ka ga aiki. Idonka ya fara rauni, shi ya sa na ce bari in hutar da kai."

Mai lambu ya tsaya a kan kaskon. Ruwan jikin icen na tsattsafowa daga yankan, yana gangarawa cikin tsohon ciwon. Ya sunkuya ya duba yankan. Can ya ce, "Ya yi kyau. Gawa ma ana yi mata wanka." Ya koma wurin baƙinsa.

Ya san abin da zai biyo baya, kuma haka aka yi. Ganyen da suka rage suka yanƙwane, gindin ya yi baƙi, icen bai ga sanyin shekarar ba. Abin da ya fi ba ni haushi, har yau wanzamin cewa yake alheri ya yi niyya. Alherin me? Abin da wani ya sha wahalarsa shekara da shekaru, ka zo da aska rana ɗaya ka ce ka fi shi ganin aibinsa. Ba ka san ciwon ba, ba ka san maganin ba, muni kawai ka gani.

Washegarin sunan, da sassafe, kafin a saki awaki, mai lambu ya je bola ya tono reshen nan daga cikin ganyen goro da toka. Ya wanke shi, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya kafa a jiƙaƙƙen yashi cikin fasasshiyar tukunya. Ko sun kama, ya san shekarunsa ba za su kai shi ganin sun zama ice ba. Ya ɗauki tukunyar ya kai bayan ɗaki, ya kewaye ta da ƙaya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.