Baƙin Ranar Addu'ar Aruna

Ranar addu'ar ukun yayansa Aruna, Malam Sumaila ya yi musabaha har hannunsa ya yi tsami. Salaga kaf ta zo, har masu kifin Makango. Cikin taron akwai baƙi biyu da bai taɓa gani ba. Suka tuɓe takalma, suka zauna a bakin tabarma, aka shafa fatiha. Babban ya daɗe yana murza hularsa, can ya ce, "Malam, ko akwai abin da kake so ka faɗa mana?"

"Babu, sai godiya. Allah ya ba da lada."

Ƙaramin ya roƙi a ɗauki hoto, aka ɗauka. Ko masar sadaka ba su tsaya karɓa ba. Ba a tambayar mai ta'aziyya daga ina yake, balle me ya kawo shi, don haka Sumaila bai tambaya ba. Amma abin ya ratsa shi. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin bayin Allahn nan da suka yi takakkiya saboda Aruna.

Shi da Aruna, su biyu, suka kafa kwalejin horar da malamai a bayan gari. Aruna ne mai ofis da waya da hulɗa da hukuma, Sumaila kuwa ɗan alli ne, daga aji sai masallaci.

Ba a yi arba'in ba sanarwa ta fito: hukumar da ke kula da kwalejoji ta janye amincewarta. Dalili, rufin ɗakin karatu yana yoyo, kuma malamai masu babban digiri ba su cika ba. Sumaila bai musa ba. Sai dai an gyara rufin, an kuma ɗauki sababbin malamai, kuma ƙa'ida ta ce kafin a rufe kwaleji sai kwamiti ya zauna da mai ita ya ji ta bakinsa. Shi kuwa ko tari ba a ce ya yi ba.

'Yan ajin ƙarshe suka cika masa ƙofa. Shakira, wadda ke sayar da koko da safe kafin ta shigo aji, ita ta yi magana. "Malam, jarrabawar lasisi fa? Mu zauna, ko mu kwashe kaya mu koma gida?"

"Za ku zauna," in ji shi. "Ba a yi wa mutum aski ba ya nan."

Ya faɗa da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Ya ji kwamitin yana zagaye, ya bi shi Yendi. Aka ce sun tashi, sun nufi Bawku. Shugaban wata kwaleji a can ya ce shi kam an zauna da shi, an ji hujjarsa, an ba shi wa'adin gyara. Hankalin Sumaila ya ɗan kwanta: ashe mutanen suna da adalci, mantuwa ce kawai. Ya hau mota ya bi ta Gushegu, yana ta bitar hujjojinsa kamar ɗalibi, har Bawku.

A can ya sami sakatariyar kwamitin tana tattara kaya. Ta saurare shi tsaf, sannan ta girgiza kai. "Baba, ɗaukaka ƙara na wanda ba a saurara ba ne. Kai an saurare ka."

"Ni? Wallahi 'yata, ko inuwarsu ban gani ba."

"An kira Malam Aruna, an sa rana, ya amsa. Ranar da aka sa ɗin suka zo Salaga. Sun ce sun tarar da hidima, sun ji nauyin buɗe zancen, amma sun tambaye ka, ka ce ba ka da ta cewa."

Ta juyo masa wayarta. Ga tabarma, ga takalma a gefe, ga shi nan zaune da jajayen idanu, yana riƙe da hannun babban baƙon nan da ya yi wata guda yana sa wa albarka.