Kasuwar Laraba

Da aka tambaye shi wanda ya kawo shi taron masu son barin giya, Wangso ya ce yayarsa ce. Wata biyu ta yi tana bin coci-cocin garin Yagwa da kuka, har aka nuna mata ajin da suke haɗuwa a ɓoye duk Laraba. Yau kwanansa tara bai kurɓa ba, likita kuma ya ce hantarsa ba za ta ƙara ɗauka ba. Maza goma sha huɗu suka tafa masa.

Suna fitowa, ƙamshin burukutu ya tare su. Ga yayar tasa zaune a gindin darbejiya, tukunya na kumfa.

"Yaya, mene ne haka?"

"Kasuwa mana, ƙanena. Ina zan samu masu ƙishi irin waɗannan a wuri guda?"

Har mutum biyu sun tsuguna. Ta cika ƙoƙo ta miƙa masa.

"Ungo tukuicinka. Ba don kai ba, wa zai nuna min wurin?"

Kafin bakinsa ya ce a'a, hannunsa ya karɓa.