Da Sun Cire Duka Fa?

Ilisha ya tarar da Judith a tsakar gidansu a Gazara, tana fuskantar bango, tana hawan bangon da yatsun hannunta na hagu a hankali, yadda likita ya koya mata don kada kafaɗar ta sage. Tunda aka cire mata ƙullutun ciwon daji daga nono a Zariya bai leƙo ta ba, ga shi har an sa musu ranar aure.

"Sannu da jiki," ya ce, idonsa a ƙasa. "Tunda sojoji suka ƙara kuɗin mai, mota ta yi wuya a Makarfi."

"Kawuna da keke ya je," ta ce ba ta juyo ba.

Kunya ta rufe shi. "Tsoro na ji, Judith. Mama ta yi ta cewa za su yanke nonon. Sai jiya na ji sun bar miki."

Ta sauke hannun da ƙyar, ta dube shi. Duk ta rame.

"Ashe shi ya kawo ka. Da sun cire duka fa?"

Ya kasa yi mata ƙarya.

"Je ka gida," ta ce, babu faɗa a muryarta. "Akwai sauran magani a gabana, kuma likita bai yi mini alkawarin komai ba."

Ya kai bakin zaure, ya tsaya.

"Yaushe za ki koma asibitin?"

Ta dube shi, ta ce, "Talata."