Zogalen Unguwar Inuwa

Tun da zafi ya ƙone itatuwan birni, doka ɗaya ce a Unguwar Inuwa: duk wanda ya tsinki ganye, shi da iyalinsa ba su ba zama a cikinta. Mamuda ya sha jira kafin layin samun gida a unguwar ya zo kansa. Ranar duba gida ya tafi da mahaifiyarsa, Inna Kande, don ta sa albarka.

"Ga tashar jirgin ƙasa a bakin ƙofa," in ji Ɗanlami dillali. "Kafin shayinka ya huce ka isa ofis."

Mamuda na shafa bangon ɗaki yana jin sanyinsa, sai jiniya ta tashi a tsakar gida. Ya fito a guje. Ga Inna a gindin zogale, bakin zaninta cike da ganye, wata jar fitila na ƙyaftawa a jikin reshe.

"Haba Inna! Me kika yi?"

"Kwaɗo zan yi maka, ɗan nan. Sai zuba yake yi, ba mai ci."

"Ɗanlami, don Allah! Tsohuwa ce, ba ta sani ba."

"Ba ruwana, Malam. Itacen ya riga ya kai ƙara."

A jirgin komawa Mamuda ya yi ta huci, ko kallonta bai yi ba. Inna ta kwance bakin zani tana tsince ganyen. Wata budurwa ta leƙo.

"Iya, wannan mene ne?"

"Gidana ne," in ji Mamuda.