Ƙasusuwa Masu Zane

A can arewacin ƙasar Sin, a bakin wani kogi, an yi wani manomi mai gona ɗaya tak, gadon kaka da kakanni. A kusurwar gonar iyayensa suke kwance. Al'adar mutanen can kuwa, duk shekara in sanyi ya wuce, ɗa yakan je ya share kabarin ubansa, ya cire ciyawa, ya ƙara ƙasa. Wanda ya sayar da gonar da kaburburansa suke ciki, ko yana numfashi ya mutu a idon mutane. Sai Allah ya riƙe ruwa shekara biyu a jere. Rumbu ya zama fayau, maƙwabcinsa mai hali ya fara zagaye gonar yana duban iyaka, hannu a baya. Manomin ya san inda aka dosa: in bai sami hatsin da zai kai iyalinsa kaka ba, gona ta tafi.

Wata rana yana haƙa rami neman danshi, fartanyarsa ta daki wani abu. Ƙasusuwa ne jibge, allon kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru, sun tsufa har sun yi ruwan ƙasa. A bayan kowane akwai tabon wuta, a gabansa tsaga, kusa da tsagar kuma wasu ƙananan zane a jere kamar sawun kaza a kan laka. Ya yi murna, don ya san masu magani a gari suna sayen tsofaffin ƙasusuwa. Ƙashin dodo suke ce musu, su daka su zama gari, a barbaɗa wa rauni ko a sha don zazzaɓi. Ya cika kwando ya kai. Mai magani ya juya ɗaya, ya jefa masa.

"Wa ya taɓa ganin dodo da tsagen fuska? Masu saye za su ce na jabu ne. Kawo mini masu santsi."

Shi ke nan, manomin ya dawo gida ya ɗauko dutsen da yake wasa lauje. Kullum in gari ya waye sai ya zauna a ƙofar ɗaki, ƙashi a cinya, yana goga, farin gari yana zuba a ƙafafunsa. Matarsa mai saƙa ce, idonta ya saba da zare. Ta ɗauki ɗaya ta daɗe tana dubawa.

"Maigida, wannan fa ba tsutsa ta ci ba. Dubi, wannan zanen ya sake fitowa nan, ga shi kuma nan. Hannu ne. Ka kai wa malamin nan na kasuwa ya gani mana."

"Hannu ne ko ƙafa ce, zane za ki tuƙa mana tuwo da shi?"

Gaskiyar magana, ba tafiyar yake ƙi ba. Tsoro yake kada labari ya fita, gari ya taso masa da fartanya. Don haka ya rufe bakinsa, ya ci gaba da guga har sanyi ya fita, yatsunsa suka tsattsage. Ya ƙware kuwa, har mai magani yana yaba masa. Sai dai a ma'auni ake saye, tsohon ƙashi kuma ba shi da nauyi, guga ta ƙara rage shi. Abin da yake samu bai wuce na kunu ba. Da ramin ya ƙare, hatsi bai taru ba, ya je ya durƙusa wa maƙwabcin, aka ba shi buhunan gero, gona ta koma hannun wani da kaburburanta.

Ranar da za su bar garin, suna ɗaure kaya a amalanke, wani baƙo ya sauka daga kan alfadari. Ɗan aike ne, masana daga babban birni suka turo shi neman ƙasusuwa masu zane. Ba ya awo, zanen yake saye, kuma allon kafaɗa guda da ya cika da shi zai ci da gida shekara. Manomin ya ruga ya jawo kwandonsa na ƙarshe. Baƙon ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowane sumul kamar ludayi. Ya ɗaga wani ya saita da rana, sai ga inuwar zanen can ciki, kamar tabon da ya warke.

"Baba, aikin wa ne wannan?"

"Nawa ne," in ji manomin.

"Lalle ka iya guga."

Sannan baƙon ya gaya masa abin da ya goge. Rubutu ne, mafi tsufa a ƙasarsu. Sarakunan da, shekaru dubbai da suka wuce, ba su san Allah ba, sai su sa a rubuta tambayarsu a ƙashi, a ɗana masa wuta, su duba tsagar su ce amsa ce. Duban banza ne, amma tambayoyin sun zauna: ko za a yi ruwa bana, ko gero zai yi, ko matar sarki za ta sauka lafiya. Baƙon ya ajiye ƙashin a hankali, ya tambayi wanda ke da gonar yanzu, ya ja alfadarinsa ya nufi can.

Matar ta gyara ɗaurin tukunya. Manomin ya dubi yatsunsa, ya kama amalanke ya tura. Allah ya kawo masa arziki har cikin gonarsa, shi kuma ya zauna a kai yana kankarewa, alhali tambaya ɗaya ta isa. Shi ya sa Hausawa suka ce: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.